Rumfar Motar Baffa

Ranar da Misbahu mai gyaran rumfar mota ya fara ganin Zulfa a garejinsa, faranti ne a kanta tana tare ɗigon ruwa a bayan motar mahaifinta. A-kori-kura ce mai rumfar faiba, Malam Bubayero na jigilar mata zalla da ita tsakanin Kiyawa da Dutse. Rumfar ta tsage hagu da dama.

"Mai gyara, ka taimaka," ta ce tana dariya. "Na gaji da wankan dole."

Shi ke nan, bawan Allah ya rasa sukuni. Ya huda bakin tsagar hagu nan da can, ya goge, ya shimfiɗa faiba da gam ta ciki har hawa uku. Yana ɗora abin huda a ta dama Malam ya dawo daga masallaci.

"Kai! Na kawo tsagagge, kana ƙara masa ɓuli?"

"Baba, hudar ce ke hana tsagar tafiya."

Ina! Malam ya ja motarsa sai garejin Ɗan'inna, wanda ya shafe tsagar dama sama-sama, ya fesa fenti har tana ɗaukar ido. Shi ma ashe Zulfa yake so.

Damina ta wuce, soyayya ta kama. Amma da kawun Misbahu ya je neman izini, Malam cewa ya yi mai huda amanar mutane ba zai riƙe masa 'ya ba.

Wata daminar na ƙaratowa, saƙon Zulfa ya shigo ta wayar yayanta: "Mai gam ɗina, Baffa ya ce Ɗan'inna ya turo bayan Sallah. Na kasa cin abinci."

Nan take ya amsa: "Sanyin idona, kar ki yi kuka. Ki taya ni roƙon ruwa."

Mutumin da ko kunya ɗaya ba shi da ita a gona ya fi manoma kallon gabas. Ya rame, ya kasa zama wuri guda. Hadari ya haɗu ya watse har sau uku, Sallah kuma sai matsowa take.

Saura kwana shida aka kece da ruwa, motar na kan hanyar Dutse. Gefen dama ya buɗe baki, mata goma sha biyu suka cure a hagu suna salati.

Da la'asar sai ga Malam a gareji, rigarsa na ɗiga.

"Yaro, ɗauko abin hudar nan." Ya yi gyaran murya. "In ka gama, ka ce wa kawunka ina gida."

A motar aka kai amarya, ana yayyafi. Zulfa ta ɓoye farantinta a cikin mayafi don tsokana, ta miƙa wa ango shi a bushe.

"Ajiye min, ban yi amfani da shi ba."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.