Kunnen Hagu na Mai Gyaran Agogo

Agogonta ne ya tsaya, ta kai shi wata 'yar rumfa kusa da asibitin da take aikin nas a sashen kunne. Mai gyaran ya kara agogon a kunnensa na dama, ya lumshe ido, ya ce, "Bai mutu ba, fushi yake yi."

Ta tuntsire da dariya, shi kuwa ya saki baki yana kallonta. Tun daga ranar agogon nan bai sake samun lafiya ba, kullum sai ta ƙirƙiro masa wata cuta.

Ta laƙaba masa Agogona, shi kuma ya laƙaba mata Likitata.

Da maganar aurensu ta kai gida, Abba ya murtuke fuska. "Wannan yaron? Na yi masa sallama a bakin rumfarsa, ko waiwayowa bai yi ba. Ba zan ba marar tarbiyya 'yata ba."

Hankalinta ya tashi, sai ta tuna kullum a kunnen dama yake kara agogo. Ta tura masa saƙo: "Agogona, ta wane ɓangare Abba ya zo maka?"

Ya amsa: "Wataƙila ta hagu. Likitata, kunnen nan ya daina ji sosai. Na ɓoye miki ne, tsoro nake kada ki ce ba kya son kurma."

"Gobe da safe ka zo. Kuma kada ka sake ɓoye min komai."

Ya zo jiki a sanyaye. Ta ɗauko ɗan ƙarfen gwajin ji mai yatsu biyu, ta buga shi a gwiwar hannunta, ta kafa gindinsa a tsakiyar goshinsa.

"Ina ka fi jin ƙarar?"

"A hagu," ya ce. "A marar lafiyar. Shi ke nan ko?"

Sai ta buga tsalle kamar ba ma'aikaciya ba. "Alhamdulillahi! Da jijiyar ji ce ta lalace, da ƙarar ta gudu kunnen dama!"

Ta sake bugawa, ta ɗora ƙarfen a ƙashin bayan kunnen, ya ji shi rau. Ta kawo shi bakin kunnen, da ƙyar yake ji.

"Ka gani? Ta ƙashi kana ji. Hanya ce kawai ta toshe, sarkin tsoro!"

Likita ya leƙa, ya tarar dauɗa ce ta daskare, aka wanke ta tas. Bawan Allah ya fito yana kara agogon kowa a kunnen hagu, yana dariya har da hawaye.

Abba ya saurari bayaninta, ya ce, "Zan gwada da kaina."

Washegari ya lallaɓa ta hagun rumfar, ya yi sallama can ƙasa-ƙasa. Kafin ya rufe baki, yaron ya zabura ya amsa da ƙarfi, ya durƙusa har yana ture kujera.

Ranar ɗaurin aure, Abba ya ratsa jama'a, ya tsaya a hagun ango, ya raɗa masa, "Ka riƙe min ita amana. Allah ya yi muku albarka."

"Amin, Abba! Na ji!"