Rijiyar da 'Yan Mata Suka Cike

Rana ta riga ta faɗa bayan ganuwa, kaji sun shige akurki, hayaƙin gidaje ya kwanta a kan lungunan birnin Zariya. Sa'ida tana zaune gaban murhu tana tuƙa tuwo, jikinta duk ya yi tsami da aikin da suka wuni suna yi, ko ƙyallen wuyanta na 'yan sikawut ba ta kwance ba. Ladan ya ɗaga murya ke nan sai wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗakinta, ya gangaro, ya tsaya a gaban ƙafarta.

Dutse ne kamar dunƙulen hannu. Da ta ɗauka sai ta ji shi a jiƙe, da sanyi kamar an tsamo shi daga randa, ga gansakuka a jikinsa, alhali an daɗe rabon garin da ruwan sama. Ta ɗaga kai ta dubi katanga, babu kowa. Na biyu ya faɗo, na uku ya fasa tulun da ke gindin zogale.

Sa'ida malamar firamare ce, kuma ita ta kafa ƙungiyar 'yan sikawut mata ta unguwarsu, ba don ana biyanta ba. Gida-gida ta bi tana roƙon iyaye su ba ta 'ya'yansu, wasu suka ba ta, wasu suka ce mace ba ta da abin yi da fareti. Ta koya wa yaran ɗaure rauni da ɗaukar marar lafiya, suna share makabarta da magudanan ruwa, suna ɗebo wa tsofaffi ruwa. A wannan Asabar ɗin sun yi aikin da ya fi kowanne faranta mata rai. Akwai wata tsohuwar rijiya a wani kango wajen Ƙofar Doka, ruwanta ya ja baya sai laka, bakinta a buɗe cikin ciyawa. A bara ɗan wata mai ƙosai da ake kiranta Lami ya bi ƙwallo ya faɗa ciki, gawarsa aka fito da ita. Maza suka yi ta cewa za a rufe, ba a rufe ba. Sa'ida ta nemi izinin mai unguwa, ta tara yaranta da baro da kwanon sarki, suka cike rijiyar da duwatsu da fasassun bulo, suna waƙa. Autarta Adama, mai shekara goma sha huɗu, ita ce shugabar yaran, ita ta fara jefawa.

"Adama!" Sa'ida ta ƙwala kira. "Fito ki ga yaran nan da ke jifanmu."

Shiru. Ta shiga ɗaki ta tarar da yarinyar zaune a ƙasa ta fuskanci bango, cikin duhu, tana ta kwasar iska da hannun hagu tana zubarwa gefe, kamar mai tonon rami.

"Ke, lafiya?"

Adama ba ta juyo ba. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, a dushe, a gajiye.

"Suna ƙasa," in ji muryar. "Ba sa numfashi da kyau."

Daga wannan rana gidan Malam Zulkiflu, mijin Sa'ida, bai sake ganin magariba cikin salama ba. Da zarar inuwa ta cinye tsakar gida sai jifa ta fara. Maƙwabta suka hau soro suka yi gadi, suna kallo duwatsun ke faɗowa daga inda babu hannu. Da safe a share su a zubar a bola, da yamma a dawo da waɗansu, dukkansu a jiƙe. Wani lokaci a ji kamar kukan jarirai daga ƙarƙashin daɓen ɗaki, can nesa, kamar an toshe musu baki.

Adama ta daina cin abinci sai abin da aka ɗura mata. In ta kai hannu, na hagu take kaiwa, ita da ba ta taɓa zama bahaguwa ba. Ta tone daɓen ɗakinta har faratanta suka ɓare. An kai ta asibiti, aka auna jini, aka ce ba a ga komai ba, aka ba da maganin barci, ta sha bai sa ta runtsa ba. Yarinyar da ke busa usur a gaban layi ta koma kamar sillen kara, idanu sun faɗa, wuya ya fito.

Labari ya gama unguwa. Iyaye suka fara aiko da kayan ƙungiya a ƙulle cikin leda, ba ko sallama. Wata ta tsaya a zaure ta ce, yadda kowa zai ji, "Mun ba ta 'ya'ya ta koya musu tarbiyya, ta kai su gidan mutanen ɓoye." Sa'ida ta ji, ba ta iya fita ba.

Malam Zulkiflu mutum ne mai haƙuri, bai taɓa hana ta wannan aiki ba, shi ne ma yake ɗauko musu igiya da shebur a babur ɗinsa. Amma wata safiya ya fito daga ɗakin Adama, ya tsaya a kanta idonsa jawur.

"Sa'ida, 'yata tana mutuwa."

"Malam, 'yata ce ni ma."

"Na sani," ya ce a hankali. "Shi ya sa na kasa ce miki komai. Amma in ta tafi, ban san da wane ido zan riƙa kallonki ba."

Wannan magana ta fi duwatsun yi mata ciwo. Ta shiga bayan ɗaki ta cusa gefen zaninta a baki don kada a ji kukanta. Ta yi ta juya abin a ranta, ta rasa inda ta yi laifi. Rijiya ce ta ci yaro, ta rufe ta. In an ce ta koma ranar, me za ta fasa?

Yayar mijinta ce ta kawo sunan Malam Inuwa, wani tsohon malami da ke zaune can cikin birni, wanda aka sani da karatun ruƙiyya. Ya zo bayan la'asar a Keke Napep, siririn dattijo da sanda, bai ɗauko komai ba sai carbi da gorar ruwa. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗauki dutse ɗaya ya sansana, ya tambayi abin da ya faru, Sa'ida ta faɗa masa tun daga farko. Bai ce ta kyauta ba, bai ce ba ta kyauta ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka fito da Adama a lulluɓe, uwarta ta riƙe ta ta baya, uban ya zauna a gefe.

Malam ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Da farko babu abin da ya motsa sai ganyen zogale. Can sai Sa'ida ta ji jikin 'yarta ya yi nauyi a hannunta, ya yi sanyi, kamar ta rungumi tulu. Hannun hagu ya fara kakkarwa. Malam ya ɗaga murya, ya yayyafa ruwa, yarinyar ta banƙare ta saki wata ƙara da ta sa tantabarun maƙwabta suka tashi.

"Ya isa! Kana ƙona ni, Inuwa!"

"Wane ne kai?"

"Bahago."

"Musulmi ne ko kafiri?"

"Na riga kakanka sallah a garin nan."

"To me ya kai Musulmi jikin 'yar mutane? Ba ka tsoron Allah?"

Kan Adama ya juyo sannu a hankali har idanun suka sauka a kan Sa'ida. Ba idanun 'yarta ba ne.

"Tambayi wannan. Tun ana gina ganuwa nake cikin rijiyar nan. Na fita neman abinci, na dawo na tarar an danne mini iyali da duwatsu, ana waƙa. Ba sallama, ba gargaɗi. Matata tana ƙasa da ƙananan 'ya'yana uku. Ina kwashe duwatsun ɗaya-ɗaya, ƙarfina bai kai ba, na tsufa."

"Kai ka kashe ɗan Lami?" in ji Malam.

"Santsi ya kwashe shi. Matata ta tallafe kansa har ya cika. Ba mu da ikon fito da shi."

Sa'ida ta dubi idanun da ke kallonta daga fuskar 'yarta.

"Ba mu sani ba," ta ce. "Wallahi ba mu sani ba. Yara muke karewa."

"Ni ma yara nake nema."

"Rashin sani ne," in ji Malam, "kuma ka san hukuncinsa. Abin da kake yi kuwa da sani kake yi. Fita."

"A yanka mini baƙin bunsuru a bakin rijiya."

"Ba za a zubar maka da jini ba ko na ƙadangare. Wannan ka sani."

"To in riƙe wannan a madadin nawa. 'Ya ɗaya a kan uku, na yi rangwame."

Sa'ida ta ƙanƙame yarinyar. "Ka ɗauke ni! Ni na kai su, ni na ce su jefa. Ka sake ta ka shiga jikina, na yarda!"

"Yi shiru, Malama," Malam Inuwa ya daka mata tsawa. "Ba a yi musu tayin kai." Ya koma karatu da ƙarfi, bai tsaya ba har jikin ya riƙa birgima, muryar tana roƙo, tana kuka irin na tsofaffi, marar hawaye. Sannan ya sassauta.

"Faɗi abin da shari'a za ta karɓa."

"A buɗe," muryar ta ce da kyar. "Hannuwan da suka rufe su ja igiya. In kwashe iyalina kafin magariba ta rufa, mu bar muku garinku. Bayan nan ku yi abin da kuka ga dama da ramin."

Malam ya dubi Sa'ida. Ta tuna ledojin da aka yi ta aikowa, ta tuna Lami. Ba ta san ta inda za ta fara ba.

"Na ɗauki alkawari," ta ce.

"Kai ma ka rantse da wanda ya halicce ka," in ji Malam, "ka fita yanzu, ba sai an buɗe ba, kuma ba za ka dawo ba."

"In ta saɓa fa?"

"Allah yana ji, ni ma shaida ne."

Sannan muryar ta yi rantsuwa, ta yi sallama. Hannun hagu ya miƙe, ɗan ƙaramin yatsa ya karkaɗa kamar ana jan sa da zare, ya saki. Adama ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta dubi fuskar da ke kanta.

"Umma, ƙishirwa nake ji."

Malam Zulkiflu ya kifa goshinsa a ƙasa yana kuka.

Washegari Sa'ida ta saka hijabinta ta sake bin gidajen da ta taɓa bi. Wasu ba su amsa sallamarta ba. Wani uba ya ce mata, "Taki ta warke, sai ki kai tamu?" Ta durƙusa a zaurensa, mace mai furfura, ta ce Malam Inuwa zai tsaya a wurin, babu yarinyar da za ta leƙa ramin, igiya kawai za su ja. Ya rufe ƙofa. A ƙarshe ta tsaya gaban kaskon ƙosan Lami, ta faɗa mata komai, ba ta ɓoye ko kalma ba. Lami ta ci gaba da juya ƙosai har suka ƙone.

"Rijiyar da ta ci mini ɗa za ki buɗe?"

"Na wuni ɗaya, Lami. Don Allah."

Lami ta kwashe ƙonannun ƙosan ta zubar, ta zuba sabon ƙullu a kasko.

Ranar aikin, masu haƙar rijiya biyu suka zo da guga da igiya, Malam Inuwa ya zauna a kan buzunsa a inuwar kango. Adama ta zo a bayan babur ɗin ubanta, ta ce ko a zaune ne sai ta kama igiyar. Hantsi ya yi babu kowa. Sa'ida ta kama ita kaɗai da 'yarta, suna ja, tafin hannunta yana salewa. Can sai ga yarinya ɗaya ta ɓullo daga lungu, uwarta na biye da ita tana addu'a. Sai wata. Ba duka suka zo ba, ko rabi ba su kai ba, kuma babu mai waƙa. Suka jeru a kan igiyar, suka yi bisimilla.

Da azahar Lami ta zo. Ba ta gai da kowa ba. Ta zauna a bakin ramin da tsumagiya a hannu, duk yaron da ya matso kallo ta kore shi.

Rana ta yi ja lokacin da mai haƙa ya ce ya taɓa laka, aka jawo shi waje. Malam ya ce kowa ya ja baya. Suka tsaya cirko-cirko. Sai wata iska mai sanyi ta taso daga cikin ramin, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ratsa tsakaninsu a hankali, ciyawa tana kwantawa a gabanta, babba a gaba, ƙanana a baya, har suka haura ganuwa. Wata yarinya ta fashe da kuka.

Lami ce kaɗai ba ta matsa ba. Ta leƙa cikin rijiyar ta daɗe, sannan ta ɗago ta dubi Malam Inuwa.

"Da gaske ne matar ta riƙe masa kai?"

"Haka ya faɗa da bakinsa a gabana."

Lami ta gyaɗa kai, ta share fuska da bakin mayafi.

"Duk shekarar nan abin da ke hana ni barci ke nan," ta ce, "ina cewa shi kaɗai ne a cikin duhu." Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta juyo wajen Sa'ida. "Malama, tara yaranki. A rufe ta kafin a kira sallah."