Matar Da Na Yanke Daga Hoto

Aikina a ɗakin karatun garinmu, can cikin tsaunukan West Virginia, ba wani mai wuya ba ne. Ina zama a ɗakin ƙasa, in ɗauki tsofaffin hotunan gilashi na zamanin mahaƙar kwal, in saka su a na'ura, in ɗora a intanet domin masu bincike. Doka ɗaya ce: kada ka gyara hoto sai ka ajiye na asali. Ni kuwa Allah ya yi ni da son tsaf-tsaf, ga gaggawa.

Ranar wata Alhamis na ɗauko hoton 1912. Zawarawa goma sha ɗaya ne, duk fararen fata, a layi gaban coci, bayan ramin kwal ya rufta da mazajensu. Can gefe, nesa da layin, akwai wata baƙar mace, rabin jikinta kawai ya fito, inda gilashin ya dushe. Na ga ta ɓata hoton. Na yanke gefen, na ajiye a kan na asalin da ke cikin kwamfuta. Da zan mayar da gilashin ya suɓuce mini, gefen nan ya zama gari. Na share, na yi shiru da bakina.

Gab da faɗuwar rana Mista Odell, tsohon mai gadinmu, ya leƙo.

"Ke Darlene, a nan za ki kwana da matattunki? Kofin da kika haɗa ma ya huce."

"Minti biyar, Mista Odell."

Na ji ya hau matakala. Na'urar ta yi shiru ita kaɗai.

Sai wari. Hayaƙin kwal, da jiƙaƙƙen ulu, da sabulun wanki irin na da. Shekara hamsin rabon da a ƙona kwal a ginin nan.

Ragowar garin gilashin ya yi ƙaras a ƙarƙashin takalmi, a bayana.

Ban juya ba. A fuskar kwamfuta na gan ta, rabin mace, tsaye.

"Ina nake?" in ji ta, a hankali.

Ta matso kusa.

"Nawa mijin ma yana cikin ramin. Suka ce ba zan shiga layinsu ba. Na tsaya a gefe." Numfashinta mai sanyi ya taɓa wuyana. "Gefen ma kin hana ni?"

Na danna madannin da ke dawo da abin da aka goge. Na sake dannawa. Babu komai. Hawaye na zuba.

"Baba, ki yafe mini. Faɗa mini sunanki, in rubuta."



"Mai hoton ya zana shi a gefen gilashin," ta ce. "Ni na manta."

Yatsunta suka sauka a kafaɗata. Rabin jikina ya mutu.

Fitila ta haska. Mista Odell ne, ya dawo ɗaukar hularsa.

"Kai! 'Yar nan, me ya same ki?"

Shi ya ja ni har waje, ƙafata ɗaya na jan ƙasa.

Washegari na faɗa wa shugabarmu gaskiya, muka rubuta a ƙarƙashin hoton cewa akwai mace ta goma sha biyu. Wata uku na yi ina tonon takardun ƙidaya, da na coci, da jerin ma'aikatan ramin. Ba ita, ba mijinta. Ba a taɓa rubuta su a ko'ina ba sai a gefen nan.

Makon jiya jikata ta yi bikin zagayowar ranar haihuwarta. Aka zaunar da ni a tsakiya, ta hau cinyata, aka ɗauki hoto. Da aka nuna mini, yarinyar na kan kujera ita kaɗai. Ni kafaɗata kawai ta fito, can a gefe.

"Kaka," ta ce, tana nuna kafaɗar tawa a hoton, "wannan matar wace ce?"