Ɗigon Jan Fenti

Ƙarfe tara na safiyar Laraba aka kira Sufeto rumfar gyaran jiragen sama. Ba gawa, ba jini, littafi ne ya ɓace. Har zai tura kofur, sai ya tuna ba abin da ke jiransa a ofis sai ƙarar fanka. A gida ma haka, tun rasuwar mai ɗakinsa. Sai ya tashi da kansa, kofur na biye da shi.

Mai ƙarar makanikiya ce, idanunta sun yi jawur.

"Ranka ya daɗe, duk jarrabawar na ci. Saura littafin aiki, jiya aka ɗauke shi. Shekara huɗu, duk abin da na taɓa a jikin jirgi yana ciki, da sa hannun injiniya mai lasisi. Jibi za a rufe karɓar takardu. Ba littafi, ba lasisi."

"Ba ki da kwafi?"

"Na asali ake karɓa. Cikin masu sa hannun ma biyu sun bar ƙasar, ɗaya ya rasu."

Sufeto ya duba lokarta, akwatin ƙarfen da take ajiye littafin. Kwaɗon lafiyarsa ƙalau.

"Wa ke jin haushinki?"

Ta saci kallon Dogo, abokin aikinta, wanda jarrabawa ta kayar sau uku.

"Ni jiya asibiti na kai mahaifiyata," in ji Dogo.

"Mai gadi ya ce mahaifiyarka ta shekara biyar da rasuwa."

Dogo ya sunkuyar da kai. Ashe jarrabawa ya je sakewa a ɓoye, gudun dariyar mutane. Ya nuna takardar shiga. Ƙarya dai ya yi, amma ba ta ɓarawo ba ce.

Sufeto ya koma gaban lokar ya tsuguna. Ta gefe aka kwance murfin, aka mayar tsaf. Noti huɗu, kowanne da ɗigon jan fenti, sabo fil.

"Wannan fa?"

"Alamar an ɗaure an duba ce," in ji makanikiyar. "A jikin jirgi ake sa ta. Mai lasisi kaɗai ke riƙe fentin."

"Su nawa ne a nan?"

Ta kawar da kai. Can ta ce, "Baba ne kawai."

Baba shi ne babban injiniya, shi ya koya mata riƙon sifana. Sufeto ya same shi a ɗan ofishinsa, ga kofuna biyu a kan tebur, ga hotunan mutum bakwai a bango.

"'Ya'yanka ne?"

"Ɗalibaina. Duk sun samu lasisi."

"Suna ina?"

"Inda ake biya da kyau. Ba mai ko bugo waya."

"Jiya ka je wajen lokoki?"

"Me zai kai ni?"

"Ɓarawo kan kwance ya gudu, Baba. Wannan ya ɗaure, ya duba, ya sa fenti."

Tsohon ya kalli hannunsa kamar na wani.

"Shekara talatin da takwas ina wannan aikin. Ban ma san na ɗiga ba."

Ya jawo durowa, ya fito da littafin naɗe cikin tawul mai tsabta.

"Ba ƙonawa zan yi ba, wallahi. Jibi kawai nake so ta wuce, yarinyar ta ƙara min shekara ɗaya. Ita kaɗai ke zama mu sha shayi."

Sufeto ya ji tausayi ya kama shi, don ya san yadda kofi ɗaya yake a kan tebur. Amma aiki aiki ne.

"Tashi mu je, Baba."

Makanikiyar na tsaye bakin ƙofa, hawaye na zuba.

"Baba, ai da ka ce min."

"Da kin zauna, 'yata. Shi ya sa ban ce ba."

Kofur ya matso da ankwa, tsohon ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ara min biro. Shafin ƙarshe saura sa hannuna."

Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya hura tawadar, ya miƙa mata. Sannan ya ɗauraye kofi ɗaya ya kife, ya bi kofur.