Hannun da Na'ura Ta Gani

Ko da Sufeto ya iso shagon, jama'a sun riga sun yi wa mai walda jina-jina, har ana neman fetur. Sai da kofur ya yi harbi sama kafin aka ƙwace shi.

"Shi ne! Jiya sun yi cacar baki da Injiniya!"

"Ku ba ni minti goma," in ji Sufeto. Ya san in suka wuce, sai dai a kwashi toka.

A ciki Injiniya na kwance rub da ciki, an rotsa masa ƙeya da sifana, jini har jikin labule. Kai, wanda ya yi wannan ba shi da imani! Kan tebur ga 'yar na'urarsa mai araha: fitilar leza, kyamara da faifai mai juyawa. Da ita yake ɗaukar siffar abu ta kowane gefe, a ƙera wa masu dungu ƙafar roba daidai da su.

Sufeto ya dubi ƙanwar mamacin, wadda ke taya shi aiki. "Wa ya sa wa fitilar nan murfi?"

"Ba ni ba ce, yallaɓai. Yaya kuma sai ya gama yake rufewa."

"Mai walda fa?"

"Shi? Ko makunnin bai sani ba."

Dogo, abokin aikin Injiniya, yana gefe yana sharɓar kuka. "Wallahi rabona da shagon nan kwana uku."

Ƙanwar ta kunna kwamfuta, ta dafe ƙirji. "Bisa ƙa'ida aka kashe na'urar! Da fizge waya aka yi, da aikin ya goge."

Siffa ta fito a allo: hannu ya gitta hasken yana wawurar sifana, manuniya guntuwa.

"Dogo, fito da hannunka daga aljihu," in ji Sufeto.

Hannun na fitowa, sai ga manuniya guntuwa. Ya zabura zai gudu. Kofur ya taɗe shi, bakinsa ya daki siminti, haƙori ya fita.

"Kamfani zai sayi na'urar, Injiniya kuwa ya ce kyauta zai raba zanenta!" in ji Dogo, jini na dalala. "Shekara bakwai ina kashe ta haka. Ban ma san na rufe ba."

Aka sa masa ankwa, aka tasa ƙeyarsa. Masu neman fetur suka riƙa sulalewa, kowa kai a ƙasa. Takaici ya turnuƙe Sufeto.

"Tashi, malam, ka kuɓuta," ya ce wa mai walda.

Mai walda ya ɗago hannunsa na dama, yatsun duk an farfasa su.

"Yallaɓai, da wanne zan koma aiki?"