Siliki a Hannun Rezwan

"Hannun wa? Khala, ki yi magana a hankali... hannun wa?!"

Butar shayin da ke hannun Mehrin ta suɓuce ta fashe a tsakiyar falo, shayi ya fallatsa har kan farin wandon Dakta Shahriar.



Juma'a ce da hantsi, ranar da iyayen Shahriar, abokin aikinta, suka zo ganinta da kwalayen alawar madara.

"Mehrin!" mahaifiyarta, wadda take kira Ammu, ta ce ƙasa-ƙasa tana zare mata ido. "Ajiye wayar nan, gaban baƙi kike!"

Ko jin Ammu ba ta yi ba. A cikin wayar tsohuwa Jobeda, wadda take kira Khala, wato inna, ita ce ke kuka, wai injin yankan ganye ya kama ɗanta Rezwan a wuyan hannun dama, ga su a mota sun nufo asibitin birnin Rajshahi.

Mehrin ta fizgi mayafi ta nufi ƙofa.

"Ina za ki?" in ji mahaifinta, tsohon shugaban makarantar da har yau unguwa ke shakkar muryarsa.

"Asibiti, Abbu."

"Wa ke kwance?"

Ta tsaya, ta juyo. Shekara uku tana neman ranar da za ta faɗi maganar nan, ba ta taɓa zaton a gaban baƙi za ta fito ba.

"Wanda zan aura."

Aikin Mehrin a ɗakin binciken jami'a shi ne ta dafa kwanson tsutsar siliki, ta wanke, ta narkar, ta ƙera wani ɗan bututu mai kaurin tsinken shan lemo. Idan jijiyar da ke kai saƙon ji da motsi ta tsinke, likita zai zura bakinta biyu a ciki, jijiyar ta bi hanya ta tsiro har ta haɗe, shi kuma bututun ya narke a jiki. Rezwan ne ke kawo musu kwanson a kan babur daga ƙauyensu na kusa da Charghat. Ranar haɗuwarsu ta farko da faɗa suka rabu: ta ce kayansa duk tabo, ya ce tabarau ɗinta ne ke son goga.

Washegari ya dawo da wani buhun, da kwandon mangwaro...

Ta same shi kwance, hannun naɗe da bandeji, leɓensa sun bushe amma bakin bai mutu ba.

"Kai! Irin wannan ado duk don ni?"

"Yi min shiru!" ta ce, hawaye na zubo mata. "Ado ne na zuwan gani. Na fasa buta, na ɓata wandon ango, na gaya wa Abbu komai."

"Komai?"

"Komai."

"To gara injin da haɗuwata da Abbu."

Ta yi dariya cikin kuka, ta kai masa duka a kafaɗa.

Dakta Ferdousi, likitar tiyatar hannu, ta shigo ta yi musu bayani ba ɓoye-ɓoye. Jijiyar da ke ba babban yatsa da biyun da ke binsa ji ta tsinke, an rasa kusan tsawon gaɓar yatsa. Ko dai a yanko jijiya daga ƙafarsa a dasa, gefen ƙafar ya rasa ji har abada, ko ya shiga cikin marasa lafiyar da aka ba da izinin gwada bututun siliki a kansu. Ta ba su kwana huɗu su yi shawara.

"Dakta," in ji Mehrin, "ki sani tun yanzu, ni ce zan aure shi. Tunda ni ke ƙera bututun, kada a bar ni kusa da takardunsa."

"Ai tun daga ƙofa na gani," likitar ta ce tana murmushi.

Da ta fita, Rezwan ya juyo wajen Mehrin.

"Shona..." Haka yake kiranta, zinariya. "In hannun nan bai tashi ba fa? Ki koma ki ba Shahriar haƙuri. Yana da mota, yana da hannu biyu."

"Ka gama?"

"Ina nufin..."

"Hannu na ce ina so? Da hannu nake nema ai da kasuwar 'yan dako na tafi! Ka ƙara faɗin wannan maganar, rabin raina, ni zan karya maka na hagun."

A gida kuwa wuta ta tarar.

"Mai kiwon tsutsa!" Abbu ya ce yana kai da kawowa. "Na kai ki har digiri na biyu don ki ƙare a ɗakin tsutsa? Yanzu kuma ko loma ba zai iya kaiwa bakinsa ba!"

"Tsutsar nan ita ta ba ni digirin, Abbu."

"Kin ji ta ko?" ya juya wajen Ammu. "Bakin danginki ne wannan!"

Shi kuwa Shahriar bai nuna fushi ba. A wurin aiki har sannu ya yi mata, ya tambayi mai jiki. Sai a rana ta uku ta gane inda ya sa gaba.

Tana tsaye gaban tukunyar dafa kwanso aka banko ƙofar ɗakin bincike. Khala Jobeda ce, gajeriya, bakinta ja da ganyen taunawa, lema a hammata, mai gadi na biye da ita yana roƙo.

"Ina ɓerayen?!"

"Khala, lafiya?"

"Wani mai gyararren gashi ya same ni a asibiti, ya ce shi babba ne a nan. Ya ce yawun tsutsa za ku cusa wa ɗana, irin wanda kuke cusa wa ɓeraye, hannun ya ruɓe a yanke! Na ce wa Rezwan in ya sa hannu a takardar nan ban yafe ba!"

Mehrin ta saki aikin da take yi. Ta san Rezwan, ko hannun zai tafi ba zai tsallake maganar uwarsa ba. Ta hango Shahriar can ƙarshen ɗakin ya duƙufa kan wata takarda kamar ba ya nan.

Ta haɗiye fushinta, ta jawo kujera.

"Zauna, Khala. Gaskiya ne, da ɓeraye aka fara, shekara shida. Sannan aka ba da izini, an yi wa mutum goma sha ɗaya. Yawancinsu ji ya dawo, biyu bai dawo sosai ba. Ba wanda aka yanke wa hannu. Ba zan ce miki tabbas ne ba, na Allah ne."

Ta ɗora mata bututu ɗaya a tafin hannu. Tsohuwar ta juya shi, ta shinshina.

"Da kwanson wa aka yi?"

Mehrin ta buɗe buhun da ke gefe. Khala ta ɗauki ɗaya, ta girgiza shi a kunne, ta murza da yatsa. Sai fuskarta ta canza.

"Wannan ai nawa ne."

"Naki ne, Khala."

"Shekara talatin ina ciyar da su sau huɗu a rana! Ko mai warin taba ba na bari ya shiga ɗakinsu!" Ta miƙe tana waige-waige har idonta ya sauka kan Shahriar. Ta nuna shi da lema. "Kai! Kai ne ka ce silikina ke ruɓar da mutum?"

"Khala, ni cewa na yi..."

"Ni ba Khalarka ba ce!"

Da ƙyar mai gadi ya karɓe lemar.

Washegari aka yi aikin, awa biyu da rabi. Bayan kwana biyu kuma Khala ta hau keken haya har ƙofar gidan su Mehrin, ta zauna a kujerar Abbu ba tare da an nuna mata ba, ta zayyana masa abin da surukin da ya zaɓa ya aikata.

Abbu ya saurare ta tsaf. Duk duniya ba abin da ya tsana kamar ƙarya, ɗalibai nawa ya kora a kanta.

"Wancan na cire shi," ya ce a ƙarshe. "Amma ban ce na karɓi naki ba. Ya riƙa zuwa cin abinci bayan sallar Juma'a, in ga irin mutumin da yake."

Jijiya ba ta gaggawa. Dakta Ferdousi ta ce a rana ba ta wuce tsawon ƙwayar riɗi, don haka daga wuyan hannu zuwa kan yatsa sai an yi wata shida ko bakwai. Mangwaro ya ƙare, damina ta cika kogin Padma ta janye, yatsu uku na nan kamar na aro.

Kowace Juma'a Rezwan na zuwa. Abbu ya yi ta jefa masa tambayoyi kamar mai jarrabawa, shi kuma ya yi ta fama da shinkafa, ya ƙi cokali, ya ƙi hagu, ya ce likita ta ce a motsa hannun. Rabi a baki, rabi a riga, yana yi yana ba da labarin tsutsotsi har Ammu ta ƙware don dariya.

Kifi kawai yake turewa gefe.

A wata na biyar Ammu ta dafa ilish, kifin nan mai ƙaya kamar gashi. Mehrin na kallo Rezwan ya haɗiyi yawu, ya ture nasa.

"Ba ka cin ilish?" Abbu ya tambaya fuska a murtuke.

"Ina ci, ranka ya daɗe. Yatsun ne ba sa jin ƙaya."

Abbu ya gyara tabarau. Ya jawo farantin gabansa, ya shiga zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya tura masa.

"Ci. Ba a gidana za a ce surukina ya tashi bai ci kifi ba."

Mehrin ta ruga kicin, ta rungume Ammu tana tsalle tana kuka!

An sa biki wata biyu gaba, hannu ya tashi ko bai tashi ba.

Ranar shafa kurkum, al'adarsu ta gabanin ɗaurin aure, aka zaunar da su gefe da gefe a tsakar gida da la'asar, kowa cikin rawaya, mata na waƙa, ana layi ana dangwala musu a goshi da kumatu. Khala Jobeda ta zo nata, ta kwaso da yawa ta damƙa wa ɗanta a hannun dama, ta wuce tana rawa.

Sai Mehrin ta ji ya ƙame.

"Shona..."

"Mene ne? Ciwo?"

"Wa ya sa kurkum ɗin nan a firji?"

"Ammu ce, don kada ya... " Ta tsaya. Ta kalli hannun. "Me ka ce?"

"Sanyi gare shi." Ya ɗaga hannun. "A kan yatsana... sanyi!"

Ta manta da mutane, ta manta ita amarya ce. Ta cafki babban yatsan ta gantsara masa farce iya ƙarfinta.

"Wayyo Allah! Mehrin!"

Waƙa ta tsaya cak.

"Ya ji! Ammu, ya ji zafi! Abbu, ya ji!"

Gida ya kaure da guɗa. Khala ta faɗi zaune tana hamdala, Abbu ya juya baya yana goge tabarau da gefen riga.

Rezwan na yarfa hannu, hawaye na wanke kurkum ɗin kumatunsa.

"Wata bakwai ina jira," ya ce, "abin da za ki fara ba ni ke nan?"

"Kawo ɗaya yatsan, masoyina," ta ce tana dariya. "Saura biyu ban gwada ba."