Raskas Mai Alamar Rawaya

Ranar da Magali Sauvaire ta fara ganin Erwan, da faɗa suka buɗe. Tana tsaye a bakin tashar jiragen ruwa ta Goudes tana sayar da abin da mahaifinta ya kamo da safe, sai ga wani dogon saurayi mai jan gashi, rana ta ƙona masa hanci. Ya sayi kifi, ya tambaye ta inda zai samu man shanu mai gishiri.

"Man shanu? Me za ka yi da shi?"

"Miyar kifi zan dafa."

Magali ta fizge ledar daga hannunsa. "Ba ni kifina. Ba za a ci mutuncin kifin Babana ina kallo ba."

"A garinmu haka ake yi," in ji shi yana dariya. "Kotriyad sunanta. Man shanu, albasa, dankali."

"Allah sarki. Ina ne wannan garin marasa gata?"

Ɗan Bretagne ne, can arewa inda ruwan sama ba ya hutu, aiki ya kawo shi Marseille, a cibiyar da ke binciken kifin teku. Kaka Rosine, kakar Magali, wadda ke zaune kan akwati tana gyaran raga, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka zo gida ran Lahadi, yaro. Zunubi ne mutum ya girma haka bai taɓa cin miyar kifinmu, buyabes, ba."

Ya zo. Ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon Magali tana soya ƙananan kifin dutse a man zaitun da albasa da tumatir da tafarnuwa, ta zuba ruwa, ta murƙushe su ta tace, ta jefa za'afaran da busasshen ɓawon lemu. Sannan ta buɗe wuta har ƙarshe ta fara jera manyan kifin, masu taurin nama a farko, masu laushi daga baya. A kan gaba akwai raskas, jan kifin nan mai ƙaya da ke kwanciya a gindin duwatsu, wanda in babu shi ba a kiran miya buyabes.

Aka sha romo a kan gasasshen burodi da yajin tafarnuwa. Kafin a yanka kifin, Magali ta zagaya teburi da tire, kowa ya gan su ɗungurungum, don a wajenmu, mu mutanen Goudes, ba a ba mutum kifin da bai ga fuskarsa ba. Erwan ya shafa yaji da yawa, hawaye suka zubo masa.

"Kuka kake yi, Man Shanu?"

"Ke ce kika sa ni, Barkono."

Sunayen nan biyu suka manne musu. Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Barkonona, har yanzu bakina yana ci da wuta. Ban san ko yajin ne ko mai yajin ba. Zan dawo in bincika."

Ta amsa: "Ka zo da hankici. Kuma ka bar man shanunka a gida."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya a teburin ba, Anselme, mahaifinta. "Mai auna kifi da rula," haka yake kiransa. "Irinsu ne ke zama a ofis su rufe mana teku. Ki bar ni da maganar ɗan arewan nan." Shi zuciyarsa tana wajen Rémi Castellan, wanda ubansa ke da gidan abinci a bakin teku da manyan jirage. Rémi kan zo da furanni, ya kira shi Baba Anselme, ya zauna ya saurari labaran teku da kowa ya gaji da ji.

Kowane tsohon gida a Goudes yana da dutsensa, wani wuri a ƙarƙashin ruwa inda raskas ke taruwa. Ba a faɗa wa aboki, ba a faɗa ko a cikin maye. Uba ne ke nuna wa ɗansa, ko wanda zai auri 'yarsa. Saboda haka da Magali ta ɗauki ƙaramin jirgin gidansu wata hantsi ta kai Erwan bayan tsibiri, ta kashe inji ta ce "nan ne," ya san abin da take faɗa masa ya wuce maganar kifi.

"Kin tabbata?" ya tambaya a hankali.

"Da ban tabbata ba da na jefa ka a ruwa tun a hanya."

Suka kama 'yan kaɗan. Ya roƙe ta ta bar shi ya maƙala wa wasu ƙaramar alamar roba mai launin rawaya a ƙayar baya, irin wadda suke sa wa kifi a wajen aikinsu don a san girmansu in an sake kama su. Ita ce ta riƙe masa kifin, ita ce ta sake su a ruwa.

"Ba za ka rubuta wurin ba?"

"Ko wuƙa aka sa mini a wuya, Barkonona."

Sanyi ya wuce. Da ruwa ya fara ɗumi, Anselme ya fita dutsen ya dawo da kwando wayam. Ya koma, haka. An bi wurin da manyan raga an share shi tas, manya da ƙanana, har da masu ƙwai. Tsohon ya zauna a kicin bai cire takalmin ruwa ba, fuskarsa ta yi fari.

Magali ba ta iya ɓoyewa ba. "Baba, na kai Erwan wurin."

Anselme ya ɗaga kai ya dube ta, ya daɗe. Akwai abin da ya kamata ya faɗa a lokacin. Bai faɗa ba. Sai ya buga teburi ya ce, "Na gaya miki! Kin ɗauki abincin kakanninki kin miƙa wa baƙo!"

Kafin rana ta faɗi duk tashar ta ji, kuma duk tashar ta yarda. Wannan halin namu yana ƙona mini rai. Shekara da shekaru muna ganin kifi na ƙanƙancewa a kwandunanmu, muna ganin su wa ke fita da raga mai ƙananan ido, mu gaishe su da safe mu yi shiru don tare muka yi makaranta. Amma a ce baƙo ne ya yi laifi, nan take kowa ya zama alƙali. Babu wanda ya tsaya ya tambaya yaushe mai rula ya mallaki jirgi.

Saƙon Magali gajere ne: "An share dutsen. Kai kaɗai na nuna wa. Na ba ka abin da ba ni da kamarsa, ka sayar. Kada ka sake zuwa."

Ya amsa nan take: "Magali, ban faɗa wa kowa ba, ban rubuta ba. Ki ba ni dama in zo mu yi magana. Don Allah ki tambaye ni kafin ki yanke."

Ba ta tambaye shi ba. Ta rufe lambarsa, ta shiga kicin ta yanka albasar da babu wanda ya sa ta, don kada Kaka ta ce me ya sami idonta. Ta rame. Ta daina zolayar masu sayen kifi. Rémi kuwa ya ƙara yawan zuwa, har Anselme ya sa Lahadin da Castellan babba da matarsa za su zo cin abinci, kowa ya san dalili.

Da safen ranar Rémi ya aiko da kwando cike da kifi. "Kada Baba Anselme ya wahala," in ji shi. Magali ta zuba su a wurin wanki tana gyarawa kamar mai aiki cikin barci. Raskas ne masu yawa, wasu ko tafin hannu ba su kai ba. Ta juya wani babba don ta kankare shi, sai wuƙarta ta tsaya. A ƙayar bayansa akwai ƙaramar alamar rawaya.

Ta cire ta, ta wanke, ta sa a aljihun gaban rigarta. Ta dafa miyar yadda aka koya mata, ba ta rage komai ba. Da aka sha romo, lokacin nuna kifi ya yi, sai ta ɗora alamar a kan raskas ɗin, ta ɗauki tire ta zagaya. A gaban Rémi ta tsaya.

"Wannan daga ina yake?"

Rémi ya yi murmushi, ko a jikinsa. "Daga dutsenku mana, bayan tsibiri. Ai Baba Anselme ya nuna mini tun kafin sanyi. Mutanenmu sun ɗan leƙa. To mene ne? Ba mun kusa zama gida ɗaya ba?"

Cokali ya faɗi daga hannun Kaka Rosine. Magali ba ta ko sake kallon Rémi ba, mahaifinta ta juya wa.

"Baba. Ka sani."

"Magali..."

"Ranar da ka dawo da kwando wayam, ka san wanda ka nuna wa. Ka bar ni na ɗauki laifin. Ka bar ni na kira mutumin kirki maci amana, kana zaune kana ganina ina bushewa a gidan nan."

"Na ɗauka zai jira a ɗaura aure," in ji Anselme, muryarsa ta shige ciki. "Na ɗauka ya san abin da ake nufi in an nuna wa mutum dutse. Da na ga abin da ya faru... kunya ce, 'yata. Kuma ɗora wa ɗan arewan laifi ya zo mini da sauƙi."

Kaka Rosine ta miƙe da ƙyar, ta karɓi tiren daga hannun jikarta ta mayar kicin. Ta dawo ta tsaya a kan baƙin. "Romo kun sha, Allah ya amfana. Kifin kam ba za a yanka muku ba. Ga ƙofa can."

Magali ta buɗe lambar da ta rufe, ta rubuta: "Man Shanuna, na ga alamar rawaya a kifin Rémi. Baba ne ya nuna masa. Na zalunce ka. Ban san da wane baki zan ce ka yafe ba."

Sai la'asar amsa ta zo: "Na ji daɗi da kika sani. Amma ba ki tambaye ni ba, Magali, wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na nemi a mayar da ni Bretagne. Ina haɗa kaya."

Ta karanta wa Kaka a bayyane, ta kifa kai a cinyarta. Anselme yana jin su daga bakin ƙofa. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari da safe Erwan ya buɗe ƙofar ɗakinsa ya tarar da tsohon a tsaye, ya sa rigar zuwa coci, riƙe da ƙunshi. A bayansa Magali ce, idanunta a kumbure. Anselme ya miƙa ƙunshin. Man shanu ne mai gishiri, sai da ya shiga har cikin gari kafin ya samo.

"Ni na ci amanarka, ba ita ba," in ji shi. "Na faɗa a tasha a gaban kowa kafin in taho. Ban iya dogon zance ba, yaro. In ka yarda, ka zo ka dafa mana wannan abin naku. Zan ci. Zan ma ƙara."

Erwan ya dubi man, ya dubi Magali. "Ke fa? Ba za ki ƙwace kifin ba?"

"Zan riƙe maka tukunya," ta ce, hawaye na zuba tana dariya. "Kuma daga yau, kome aka ce mini a kanka, kai zan fara tambaya."

Erwan ya matsa gefe ya buɗe ƙofar sosai. "Ku shigo. Sai dai ku yi haƙuri, na riga na naɗe tukwanen a jarida."

An ɗaura auren a ofishin magajin gari, aka yi walima a bakin tasha da tukwane biyu a kan wuta, ɗaya da man zaitun, ɗaya da man shanu. Da Magali ta zagaya da tire, tsofaffi suka fara leƙe suna gunaguni, don babu raskas ko ɗaya a ciki. Anselme ne ya miƙe ya ba su amsa.

"Babu, kuma ba za ku gani a gidana ba sai dutsen ya farfaɗo. Surukina ya ce a bar shi ya huta, na bar shi. Wanda na kama a wurin da raga, ko ɗan wa ne, da sunansa zan kai ƙara."

Kaka Rosine ta ɗanɗana tukunyar ango, ta yamutsa fuska, ta sake ɗanɗanawa. Ta jawo hannayensu biyu ta haɗa a cikin nata.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya cika muku kwando, ya ba ku 'ya'yan da za ku nuna wa dutsen su tarar da kifi a ciki. Kai kuma, ɗana, miƙo kwanon nan ka ƙara mini. Kada ka gaya wa kowa."